Gandun Owabi: mun kai yara kallon shirwa da ungulu

Duk uwar da ke karantar da 'ya'yanta a gida a Kumasi, ina ba ta shawara ta kai su Owabi, amma ta gaya musu tun daga gida cewa ba gidan zu za su ba. Babu keji, babu tsuntsun da aka ɗaure don a nuna maka. Daji ne da ruwa, abin da Allah ya kawo shi za ka gani.

Mu gida uku ne a Aboabo muke haɗa yaranmu karatu. Wannan zangon muna kan tsuntsaye masu farauta, na gaji da nuna musu hoto a waya. Muka yi shatar mota bayan asuba, muka bi hanyar Sunyani muka ratse wajen Akropong. Tafiyar ba ta wuce kilomita 23 ba. Tafkin madatsa ce da aka gina a 1928 don ba Kumasi ruwan sha, kuma an ƙidaya tsuntsaye iri 161 a gandun.

Abin da ya biya mu kuɗinmu shi ne ɗan jagoran da ma'aikatan gandun suka haɗa mu da shi. Da Twi yake magana, yaran duk suna ji. Mutum ne mai haƙuri. Da muka fito daga inuwar gora muka iso bakin ruwa, sai ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya. Shirwa biyu na jewa a samanmu. Bai ce komai ba sai da ya miƙa wa ƙaramarmu madubin hangen nesa, ya ce ta bar fukafukai ta dubi wutsiya. Wutsiyar a tsage take, tana murɗa ta hagu da dama, fukafukan kuwa ko motsi. Yarinyar ta riƙe mini zane tana cewa, "Mma, da wutsiya take tuƙi!" Ya ce da rani suke yawa a nan kudu, idan damina ta kama su yi arewa. Ke nan lokacin hunturu ne lokacin zuwa.

Ungulu ɗaya tak muka gani, can kan busasshen reshe, kuma ita ta fi taɓa ni. Ina yarinya, in aka aike mu Mayanka, sai ka kore su da ƙafa kafin ka wuce. Yau 'ya'yana har rige-rigen madubi suke don su ga guda. Tun 2015 aka sa wannan ungulun ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Guba da ake zubawa a mushe na kashe su, ga masu sayen kai da ƙafafunsu don tsubbu. Na gaya wa yaran abin da ya faru a Indiya, inda maganin shanu diclofenac ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu kafin a hana shi a 2006, mushe ya yi ta ruɓewa, karnuka suka yawaita. Babban ɗan maƙwabciyata, wanda gwani ne wajen harbi da gwafa, ya yi tsit, daga baya ya tambayi jagoran inda ake kai tsuntsun da aka tsinta da rauni. Ya ce a sanar da ma'aikatan kula da namun daji, kada a ajiye shi a gida.

Birai sun gifta ta saman itatuwa, mujiya ba mu gan ta ba, rana ce. Ku tafi da ruwa da abin tanɗe-tanɗe, yara su sa takalmi mai rufi da doguwar riga saboda sauro da cinnaka. Yaron da bai kai shekara biyar ba zai gaji, sai an goya shi. Kowa ya riƙe littafi da fensir, don namu a bakin ruwan suka zauna suka zana wutsiyar shirwa kafin mu juyo.