ThinkPad T480 ta hannu: wata biyar da ita, da kunyar da na sha a Tamaske

Tun ranar da na dawo daga Tamaske nake son rubuta wannan, amma na bari sai da zuciyata ta huce, don da a ranar na rubuta, da babu abin da za ku karanta sai zagi. Yanzu wata biyar ke nan da sayen na'urar, kwamfutar tafi-da-gidanka ce. Na san halinta, na kuma san halin wanda ya sayar mini da ita.

Aikina lissafi ne. Ni ke riƙe wa wani Alhaji mai fataucin albasa littafinsa a nan Tahoua, in kasuwa ta kwanta kuma in buga wa mutane takardu. Babbar kwamfutata ta tebur ce, tana biro, kuma ban taɓa kuka da ita ba sai a kan abu biyu: ba ta shiga jaka, sannan da an ɗauke wuta ta zama kayan kallo. Shi ya sa na shiga neman ta biyu, wadda za ta bi ni Galmi da Tamaske da Tabalak a bayan moto, kuma ko ta faɗi ta fashe ba zan yi kwana uku ban ci tuwo ba.

Da farko sabuwa fil na hango, a kwalinta, siririya mai ƙyalli, kuɗinta daidai aljihuna. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai shi ya taka mini birki. Ya ce, "Yaya, kyan ɗan maciji ne. Celeron ce, mai raunin ƙwaƙwalwa, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take aiki da ita, giga 4 kuma a liƙe yake, ba a ƙarawa. Ma'ajiyarta giga 64, Windows kaɗai zai cinye rabi." Ya ce in nemi irin waɗanda ma'aikatun Turai ke amfani da su shekara uku ko huɗu su sallamar, waɗanda muke ce wa "France au revoir". Sharaɗinsa ɗaya: kada Intel ɗinta, wato ƙwaƙwalwarta, ya gaza zubi na 8, saboda Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ya karɓar na ƙasa da haka ta hanyar da ta dace. Ya lissafo mini uku, duk na 2018: EliteBook 840 G5, Latitude 5490, da ThinkPad T480. Ya ce duk wadda na samu mai lafiya in ɗauka, amma ga mai yawon ƙauye irina T480 ta fi, domin batir biyu gare ta, ɗaya a ciki ɗaya a waje. In na wajen ya ƙare sai ka zare shi ka sa wani, na cikin yana riƙe da ita, ba ta mutuwa. Wannan maganar ita ta shiga kaina, ita kuma ta kai ni ta baro.

Na shiga motar kar, na tafi Yamai da kaina. Ba zan faɗi shagon ba. Mai shi mutum ne mai fara'a, bakinsa kamar an shafa masa zuma, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi kafin ma in ce ga abin da ya kawo ni. Ya yi kukan da duk suke yi, cewa tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina, don haka kada in matsa masa. Muka ja, muka daidaita a jika 135, wato sefa dubu 135. Na tambaye shi maganar batir biyu. Ya ce, "Malam, gani ya kori ji." Ya kunna ta, ya kifa ta, ya ja ƴan makullan nan biyu na ƙasa, ya zare batir ya ɗora a tafin hannuna, ya juyo da ita: tana nan a kunne, hoton dutse da teku yana haske abinsa. Na ce ma sha Allah. Nan take na ƙara jika 20 na sayi babban batir na waje, mai kauri ɗin nan da ke ɗaga bayanta kaɗan, don ya zama guzuri.

Sai bayan wata uku na tuna cewa lokacin da yake wannan wasan, wayar caja tana maƙale a gefenta, ta sulale ta ƙarƙashin tebur.

Watannin farko lafiya lau. A biro take yini a jone, in na fita kuma ba na daɗewa har batir ya ƙare, don haka buƙatar canjin ba ta taso ba. Sai da albasa ta fito sosai, ranar da muka je awo Tamaske. Wanda ya san wurin a irin wannan lokaci ya san abin da nake nufi: rana kamar ta sauko ƙasa, ƙura, warin albasa har cikin maƙogwaro, babbar motar da za ta Ghana tana tsaye ƴan dako na ta lodi, manoma zaune a inuwarta kowa yana jiran a kira shi. Ni kuma na ɗora kwamfuta a kan buhu, ana faɗa mini suna da yawan buhuna ina shigarwa a Excel. Da safe Alhaji ya tambaye ni, "Malam, ina littafi?" Na ce, "Alhaji, ai an wuce zamanin littafi." Da bakina na faɗa, a gaban mutane.

Wajen la'asar batir ya sauka zuwa kashi 6. Maimakon in adana aikin in kashe ta kamar mai hankali, sai son burgewa ya kama ni. Na fiddo babban batir daga jaka, na ce wa yaran da suka kewaye ni, "Ku kalli wani abu." Na kifa ta, na ja makulli, na zare. Na juyo da ita.

Baƙi ƙirin.

Na danna nan, na danna can, shiru. Wani tsoho da ke zaune kusa da ni, da rawaninsa da sandarsa, ya leƙo ya ce, "Yaro, injin naka ya suma ne?" Aka kwashe da dariya. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, mi ya faru?" Na ce ba komai, yanzu za ta tashi. Ta tashi kuwa da na sa babban batirin, Excel kuma ya maido mini da takardar, Allah Ya saka wa wanda ya ƙirƙiro wannan dabara. Sai dai shi duk minti goma yake ajiye kwafinsa, kuma a cikin mintocin ƙarshen nan mutum biyar na shigar. Huɗu ba a sha wahala ba, abin da suka faɗa ya zo daidai da abin da yaron Alhaji ya tuna. Na biyar shi ne tsohon nan. Ya ce buhunsa 14. Yaron Alhaji ya rantse 12 ne. Buhunan kuwa sun riga sun hau mota, an ɗora wasu a kansu.

Tsoho bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Cewa ya yi shekararsa arba'in yana kawo albasa wurin nan ba a taɓa ce masa ya ƙara buhu ba, sai yau da aka zo da inji. Ya ce a sauke. Alhaji ya dube ni, ya dubi motar, ya ce a sauke. Ƴan dako suka hau suna gunaguni, aka riƙa jan buhu ana duba alama, nasa jan zare ne a baki. Muna tsaye har aka kira magariba. Buhu 14 cif. Direba yana masifa an ɓata masa dare, ƴan dako suka ce wannan aiki na biyu ne, kuɗinsa daban. Jika 6, daga aljihuna, don ban da fuskar da zan dubi Alhaji in ce ya biya. A hanyar dawowa ko uffan bai ce mini ba sai da muka shigo gari, sannan ya ce, "Gobe ka zo da littafi."

Washegari na kai ta wurin wani yaro mai gyara a nan cikin gari, yaron kirki, hannunsa da albarka. Kafin ya taɓa sukurdireba sai ya danna ɗan hoton batir da ke ƙasan allo ya ce, "Babban yaya, ai ɗaya take gani. Da biyu ne da ta nuna maka na 1 da na 2." Wato wata uku amsar tana gabana, dannawa ɗaya. Ya kwance murfin ƙasa ya nuna mini gurbin da batirin ciki yake zama, fili fetal, sai ƙura da wani ɗan guntun soso da aka cusa don kada wurin ya yi ƙara. Ya kuma buga powercfg /batteryreport, umarnin da ke fito da lafiyar batir, ya nuna mini ƙaramin batirin da ta zo da shi: an yi shi ya ɗauki wat-awa 24, yanzu da ƙyar yake riƙe 15. Wannan ban yi fushi da shi ba, tsufa ne, kowa zai je. Sosan nan ne ya tsaya mini a rai. Mutum ya zauna ya yanka soso daidai gurbi.

Na kira mai shago. Na gaishe shi kamar yadda ya kamata, sannan na faɗa masa. Ku ji amsar da ya ba ni, wallahi ban ƙara ko harafi ba: "Malam, batir biyu na ce maka. Yanzu batir nawa ke hannunka?" Na ce biyu, amma ɗaya da kuɗina na saya daban. Ya ce, "To ai biyu ke nan." Na kashe wayar, don abin da ke bakina ba na faɗa ba ne.

Ƙanena ne ya je masa da abokansa biyu, ba faɗa, zama kawai suka yi a shagon, duk wanda ya shigo taya kaya sai su ce masa ya cire caja kafin a gwada. Kafin azahar ya fito da batirin ciki, na hannu, wai a rabin kuɗi. Na biya, me zan yi? Aka sa a kar, ya yi tafiyar sama da kilomita 500 ta Dosso da Dogon Dutsi da Konni, yaron nan mai gyara ya ɗaura. Na gwada canjin a ɗaki, ƙofa a rufe, ba kowa, ba takarda ko ɗaya a buɗe. Ya yi. Na sake har sau uku kamar yaro ya samu abin wasa.

To gaskiya, tun daga nan na'urar ba ta ba ni kunya ba, kuma dole in faɗi alherinta. Da batiran uku ina yini cur a ƙauye ban nemi wuta ba. Ta taɓa zamewa daga bayan moto a kan gudron, cikin jaka dai, gabana ya faɗi, na buɗe na tarar kusurwa ɗaya ce ta ɗan kurje. Gurbin RAM biyu gare ta, na ƙara giga 8 a na biyun, aikin minti goma. Tana caji ta USB-C, don haka ko cajarta ta ɓata ba sai an aika Yamai ba. Yaron ya share ƙurar da ta toshe fankarta, zafin watan Afrilu bai sa ta kashe kanta ba ko sau ɗaya. Har ta kai wani lokaci wuta na nan amma ita nake buɗewa, ta teburin tana kallona. Da tsohuwar zuma ake magani, na yarda. Duk wanda ya tambaye ni ta biyu mai sauƙin kuɗi, ita zan ce masa, ko ɗaya daga cikin ƴan uwan nata biyu, muddin zai cire caja da hannunsa, ya danna hoton batir, ya shiga BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin Windows ya tashi, ya tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba, don wannan in ya same ka a ThinkPad ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma da na ambaci caja sai wani abin ya taso mini. Wadda mutumin nan ya haɗa ni da ita jabu ce. An rubuta wat 65 a jikinta, amma ba ta da nauyi ko na ƙwai, tana zafi har ba ta riƙuwa, in kuma aka jona ta a gurup sai kibiyar allo ta riƙa tsalle ita kaɗai. Sai da na sayi wata. Sannan madannai. Na ce masa AZERTY nake so, wato jerin haruffa irin na Faransanci, don takardun da nake bugawa yawanci na Faransanci ne. Ya ce AZERTY ce. Ashe takardu aka liƙa a kan QWERTY, jerin Ingilishi, liƙi mai kyau ƙwarai, sai da zafin Adar ya narkar da gam ɗin sannan asiri ya tonu. Yanzu A ta ɓare Q ta leƙo, M ta karkace, yatsuna suna manne wa kamar na ci alewa. Ni na saba, ba na kallo in ina bugawa, amma ɗiyata da ke koyo a kanta kullum sai ta zo tana cewa, "Baba, harafin ya gudu."

In aka tara batirin ciki, da caja, da kuɗin kar, da na yaron gyara, jika 135 ɗin nan ta haura 170, ban sa babban batir a ciki ba. Jika 6 ta ƴan dako kuwa ba ta shiga kowane lissafi, babu wanda zai mayar mini. Makon jiya mun koma Tamaske, tsohon nan yana wurin. Na gaishe shi, ya amsa, ya dubi jakata ya ce, "Yaro, ka zo da mai suman?" Na ce na zo da ita, Baba. Ya ce, "Da littafi?" Na fiddo na nuna masa, sannan ya sa aka sauke buhunansa.