Fitilar murjani mai araha: wata tara da ita a Birnin Kebbi

Ni ɗan Argungu ne, a gidan masunta na tashi, amma ban taɓa ganin murjani da ransa ba sai da aiki ya kai ni Legas. Da na dawo Birnin Kebbi na haɗa nawa tankin ruwan gishiri: tsawo santimita 90, faɗi 45, zurfi 45, wato kusan lita 180. A ciki akwai kifaye biyu masu ruwan lemo da fararen layuka, sai murjani masu sauƙin reno, Zoanthus da Discosoma, da rassa biyu na Euphyllia da na fi ji da su. Ranar da Inna ta fara gani ta daɗe tsaye, ta ce, "Wanga shi na murjanin da muka sawa ga wuya?" Na ce mata dangi ne, sai dai na wuya ja ne, daga teku irin ta Bahar Rum ake ciro shi, wannan kuwa da haske yake rayuwa.

Fiye da shekara guda na yi da fitilar da ta zo tare da tankin, siririya, irin ta kifin ruwan daɗi. Kifayen ba su damu ba. Murjanin ne suka yi ta komawa ruwan ƙasa, Zoanthus na miƙa wuya sama kamar shukar gero da ta tsiro a inuwa. Dalilin a fili yake. Murjani dabba ce, amma a cikin namanta akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, su ke karɓar haske su yi abinci, ita kuma ta ci daga gare su. Hasken da suka fi amfana da shi shuɗi ne, wanda tsawon zangonsa yake wajen nanomita 420 zuwa 470, domin shi ne ke ratsa ruwan teku ya kai ƙasa bayan ja ya ɓace tun daga sama. Fitilata fari take bayarwa, mai daɗin ido, amma amfaninsa kaɗan ne a gare su.

Manyan fitilun wannan harka, Radion da Kessil da Hydra, na san su a hoto. Kuɗin guda ɗaya ɗaruruwan daloli ne, ga canji, ga kuɗin kawowa. Sai na sayi wadda masu kiwon murjani ke kira baƙin akwati, ƙirar Sin, wadda kamfanoni da yawa ke sayarwa da suna daban-daban alhali cikinta kusan ɗaya ne. Ba ta kai rabin rabin kuɗin waɗancan ba. Wani ɗan kasuwa a Legas ya sako min ita a mota a watan Oktoba, na karɓa a tasha.

A jikin kwalin an rubuta wat 165. Lissafin ƙwayaye 55 ne sau wat 3, ba abin da take ci ke nan ba. Na sa mata mita na buɗe ta gaba ɗaya, na ga wajen wat 110. Layi biyu ne da ita, shuɗi da fari, kowanne da abin ƙarawa da ragewa, da agogon kunnawa da kashewa, da fanka biyu a baya. Kafin in rataye ta na kai wa wani mai gyaran lantarki a babbar kasuwa. Ya kwance ta, ya duba, ya ce, "Malam, wayar ƙasa ba ta kama jikin ƙarfen da kyau ba, kuma kusa da ruwan gishiri za ka aje ta." Ya ɗaure ta, ya canza min filogi zuwa mai baki uku irin namu. Duk wanda zai saya, kada ya tsallake wannan.

Kuskuren da na yi shi ne abin da ya sa nake wannan rubutu. Na ɗauka abu mai araha ba zai yi ƙarfi ba, sai na rataye ta santimita 20 daga ruwa, na sa shuɗi a kashi 70, fari a 40. Daren farko tankin ya yi kyawun da ban taɓa gani ba, koren Euphyllia na ƙyalli kamar an kunna masa wuta daga ciki. Kwana goma bayan nan Discosoma suka tsuke suka koma kamar kwabo, rassan Euphyllia biyun suka fara yin fari. Idan haske ya yi wa murjani yawa farat ɗaya, korar waɗannan halittu take yi daga jikinta, launi ya tafi, abinci ma ya tafi. Reshen da ke daidai ƙarƙashin fitilar bai tashi ba. Na ciro ƙashinsa fari fat, har yau yana kan teburina. Wata goma sha huɗu na yi ina renonsa, kuma hannuna ne ya murɗa abin.

Na ɗaga fitilar zuwa santimita 35, na mayar da shuɗi 25, fari 5, ina ƙara biyar-biyar a shuɗin duk mako. Na tsaya a 40 da 10, ban sake taɓawa ba. Reshen da ya rage ya ɗauki wata biyu kafin korensa ya dawo, yanzu ya rabu ya zama kai biyu. Zoanthus sun kwanta sun bazu a kan dutse. Masu wannan harka da ma'aunin PAR suke auna haske, wato yawan hasken da waɗannan halittu ke iya yin abinci da shi: murjani masu laushi da irin Euphyllia kan wadatu da 50 zuwa 150, su Acropora kuma, murjani masu tauri da rassa, sai 200 zuwa sama. Na'urar auna shi ta fi fitilar tsada. Manhajar auna haske ta waya ba ta maye gurbinta, domin da idon mutum aka daidaita ta, shuɗi kuwa ido na ganinsa da duhu ko da yana da ƙarfi. Abin da ya yaudare ni ke nan. Yanzu murjanin nake kallo: in sun buɗe sun kumbura da hantsi, lafiya, in sun tsuke, na san ya yi yawa.

A wannan saiti wat 40 da ɗoriya take ci, awa tara a rana, batirin solata bai ma san tana nan ba. Abin da ya ba ni wahala agogonta ne. In wutar gari ta ɗauke kafin inbata ta karɓa, wani lokaci yakan rikice ya koma sifili, in dawo gida in tarar da tanki a duhu da rana tsaka. Na mayar da ita kan layin inbata kai tsaye, matsalar ta kau.

Hunturu ya gwada fankokin. Cikin Janairu na ji sun fara gurnani, jikin akwatin ya yi zafi. Na buɗe na tarar da ƙura ta yi dam a kan ƙarfen da ke ɗauke zafi. Tun daga nan duk mako biyu nake bi da buroshin fenti, gilashin ƙasa kuma in goge gishirin da ke fantsama da ɗanyen tsumma. Ƙugiyoyin ratayewa sun yi tsatsa cikin wata huɗu, na canza su da marasa tsatsa.

Bazara ce babbar jarrabawa. Murjani na son ruwa a digiri 25 zuwa 26, garinmu kuwa a Afrilu yakan haura 40. Fitilar ba ta dafa ruwa kamar tsofaffin manyan ƙwayaye masu zafi, amma iskar da fankokinta ke fitarwa a ɗakin take tsayawa. Na sauya lokacinta, daga bayan asuba zuwa azahar, ta mutu kafin zafin la'asar ya sauka, na'urar sanyaya ɗaki ta ci gaba da nata aikin. Na ƙara ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, abin da ya ƙafe in cika da tataccen ruwa mara gishiri, tunda gishirin ba ya bin tururi. Ruwan bai wuce 28 ba. Na yi wata uku ba na ganin tankina a haske da dare, kuma na ji rashin.

Akwai abu biyu da ba su gyaruwa da hannu. Kunnawarta farat ɗaya ce, ba ta tasowa a hankali kamar gari na wayewa, kifayen kan firgita su faɗa bayan dutse. Sannan haskenta a tsakiya yake taruwa, fili mai tsawon santimita 60 da faɗin 60 take rufewa da kyau, don haka gefuna biyu na tankina duhu-duhu ne. Can na mayar da Discosoma, sun kuma ji daɗin wurin.

Mai tanki da bai wuce santimita 60 ba, guda ɗaya ta ishe shi har ta yi yawa. Ni ina tara kuɗin ta biyu, in rataye su gefe da gefe in rage wa kowacce ƙarfi. Ranar da ta iso, daga shuɗi kashi 20 zan fara.