Ƙaramin kalamar na firigo a shagunan Yamai: wanda ya cancanci kuɗinsa da wanda bai cancanta ba

A manyan shagunan Yamai masu sayar da kayan teku daskararru, kalamar (dabbar teku mai laushin jiki da hannaye goma) iri biyu ake yawan samu, sau da yawa a firigo ɗaya. Akwai ƙanana, cikakku da kansu da fatarsu, a leda mai kilo ɗaya. Akwai kuma wanda aka yayyanka zobe-zobe, fari fat, ba sai an gyara ba. Ido yakan fi karkata ga na biyun, amma na farkon ya fi shi nesa ba kusa ba.

Dalilin yana rubuce a bayan ledar, in mai shigo da kayan bai cire takardar ba. A duba sunan kimiyya da lambar yankin kamun. Idan an ga Doryteuthis gahi, ko tsohon sunansa Loligo gahi, tare da FAO 41, to ɗan Patagoniya ne, wanda ake kamawa a kudancin tekun Atlantika kewayen tsibiran Falkland. Halitta ce mai gajeren kwana: shekara ɗaya take yi a duniya. Takan manna ƙwayayenta a jikin ciyawar teku kusa da gaɓa, ƴaƴan su gangara ruwa mai zurfi su yi kiwo, su dawo su yi ƙwai sau ɗaya su mutu. Jikinta da wuya ya wuce tsawon tafin hannun babban mutum, naman kuwa siriri ne mai laushi, da ɗan zaƙi-zaƙi. Manyan jirage ke jan koma su kama shi, su daskarar da shi nan take cikin jirgi, galibinsa kuma a tashar Vigo ta Sifaniya ake sauke shi. Sau biyu ake buɗe kamun a shekara, kuma hukumar tsibiran takan rufe shi in ta ga abin da zai rage a ruwa ya yi ƙasa da tan 10,000. A 2024 ma soke zango na biyu aka yi gaba ɗaya. Kayan da ke iya yankewa haka ba ya araha, balle ya ketare teku ya hau mota fiye da kilomita 1,000 kafin ya iso bakin kogin Kwara.

Fararen zoben nan masu kauri kuwa, mafi yawansu daga ƙaton kalamar ne na tekun Peru da Chile, Dosidicus gigas ake rubutawa, da FAO 87. Namansa na da ɗan tsami da ɗaci na asali, don haka masana'antu ke jiƙa shi a ruwan magani ya yi laushi, ya kuma sha ruwa ya ƙara nauyi. Da ya ji wuta sai ruwan ya fito, zoben ya tsuke, ɗanɗanon kuma salam. Ba cuta ba ce, amma a biya shi kuɗin ƙaramin kalamar asara ce.

Babbar matsalar ƙaramin ma ba daga teku take ba, daga hanya ce. Dole ya zauna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili tun daga jirgi har gidan mai saye, ga zafin Afrilu da Mayu, ga ɗaukewar wuta. Kafin a biya, a ɗaga ledar a duba. Siririn ƙanƙara mai sheƙi da ya lulluɓe kowane ɗaya da gangan aka yi shi, don kada naman ya bushe. Amma in an ga garin ƙanƙara ya taru cikin ledar, ko jan ruwa ya daskare a kusurwa ɗaya, to ya narke an sake daskarar da shi. Fatar mai kyau fara ce da ɗigo-ɗigon ja da ruwan ƙasa, kowane ɗigo a rarrabe. In launin ya bazu har naman ya rine ya yi ja-ja, ko yana tashin wari mai hawa hanci irin na fitsari, a ajiye wa mai shago abinsa. A kuma nemi nauyin da aka rubuta ba tare da ƙanƙara ba, domin shi ne ainihin abin da ake saya.

Gyaransa bai kai na karfasa wuya ba. A bar shi ya kwana a sashen firigo mai sanyi kaɗan, ko a tsoma ledar a rufe cikin ruwan sanyi. Ruwan zafi na ɓata shi. A riƙe jikin da hannu ɗaya, a ja kan a hankali, kayan ciki za su biyo. Cikinsu akwai ƴar jakar tawada baƙa, in ta fashe ruwa kawai za a sa a wanke. A zaro ƙashin bayan, siriri ne garai-garai mai kama da leda mai tauri. A yanke hannayen daidai gaban idanu, a matse tsakiyarsu bakin ya fito, ɗan baƙi mai ƙarfi irin na aku. Hannayen nan, takwas gajeru da biyu dogaye, kada a zubar, su suka fi daɗi a suya. Tsakanin ƙanƙara da kayan ciki, kada a yi mamaki in kilo ɗaya ya dawo bai fi rabi da ɗan wani abu ba. Ya ishi mutum uku su ci da shinkafa.

A wajen dahuwa ne akasari ake yin ɓarna, sannan a ɗora wa kayan laifi. Naman kalamar cike yake da jijiyoyi masu tsukewa da zarar zafi ya daɗe a kansu, kuma ba sa sakewa sai sun jima suna dahuwa. Saboda haka hanya biyu ce kawai. Ko dai a tsane shi sarai da tsumma mai tsabta, a barbaɗa gishiri da fulawa, a jefa kaɗan-kaɗan cikin man gyaɗa mai zafi sosai, minti biyu a kwashe, a matsa lemun tsami a zuba yaji. Ko kuma a soya albasar Galmi manya biyu da tumatir huɗu, tafarnuwa da citta, a zuba shi a rufe, a bar shi a ƙaramar wuta minti 40 zuwa 45. Duk abin da ya faɗa tsakanin biyun, misali minti goma, sai an yi ta tauna kamar robar silifa. Cika kasko ma kuskure ne: man zai huce, naman ya saki ruwa, suya ta koma dafuwa. Gishiri kuma a yi hankali, ɗan teku ne.

Masu tambaya kan halacci: a mazhabar Malikiyya da muke bi a nan, dabbobin teku halal ne, ba sa bukatar yanka. Wanda jatan lande ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi dai ya yi taka-tsantsan.

Ga mai gidan abinci da ke da janareta, ko iyalin da za su saya su dafa a ranar, ƙaramin cikakken kaya ne mai kyau. Mai niyyar kai shi Tahoua, tafiyar fiye da kilomita 500, sai da kula cike da ƙanƙara, kuma in ya isa a narke a dafa shi a daren, kada ya sake komawa firigo.