Dreamers ko Alma: wanne za a saya wa yaro?

Iyaye sun dame ni da wannan tambaya, to ga yadda na ga waɗannan littattafan yara biyu masu hotuna. Dukansu sun fito a 2018, kuma akwai su da Turanci da Sifaniyanci.

Dreamers na Yuyi Morales labarinta ne: ta bar Meziko a 1994 da jaririnta, ta shiga Amurka ba ta jin Turanci, har ta gano ɗakin karatu. Zanensa launi ne kala-kala, shi ya ci lambar Pura Belpré (lambar yabo ta littattafan yara a Amurka) a 2019. Sai dai kalmominsa kamar waƙa suke, ƙaramin yaro sai an yi masa bayani.

Alma kuwa, na Juana Martinez-Neal 'yar Peru, ya samu karramawar Caldecott (ta zanen littattafan yara a Amurka) a 2019. Yarinya ce mai suna shida, tana ƙorafin ba ya shiga takarda, mahaifinta ya zaunar da ita yana ba ta labarin kakannin da ta ci sunansu. Mu da muke sa wa yaro sunan kaka, wannan ba baƙon abu ba ne. Zanen fensir ne, mai sanyi.

Ɗan shekara huɗu mai yawan tambaya, Alma. Wanda ya ɗan tasa, ko iyalin da ke zaman ƙasar waje, Dreamers.