Gargaɗi: iPhone ta Amurka da aka huda wa ramin sim

Jika 380, jama'a! Jika 380 na ƙirga na ba wani mai shagon waya a nan Damagaram, ya miƙo mani iPhone 14 Pro, ya ce ta Hong Kong ce, mai cin sim biyu. Abin da nake nema ke nan, Airtel na kasuwa, Moov na gida.

Kada wani ya ce ban duba ba. Na duba kwali, ZA/A ne a jiki, wato alamar ta Hong Kong. Na danna *#06#, lambar shaidar wayar da ta fito ta yi daidai da ta kwali. Shi da hannunsa ya sa layina na Airtel, na kira maiɗakina, ta ɗauka. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, ni da kai ba za a yi haka ba, ɗayan sim ɗin a bayan tiren ake sa shi." Haka kuwa ake sa wa ta Hong Kong ta gaskiya, to wa zai yi shakka? Wannan "yaya" ce ke hana ni barci.

Da wayar ta sabunta kanta sai layi ya ɗauke ɗif. A'a, kafin nan ma Moov ɗin bai taɓa hawa ba, na kira shi ya ce matsalar rezo ce, in yi haƙuri. Mai gyara ne ya nuna mani: a cikin wayar LL/A aka rubuta, wato ta Amurka. Tun daga iPhone 14, a 2022, na Amurka ba su da ramin sim ko kaɗan, eSIM kawai, wato sim da ke haɗe a cikin wayar, ba kati. Huda ta aka yi, ga alamar karta a bakin ramin. Kuma a kulle take da kamfanin layi na can, wani ɗan faranti siriri kamar ɓawon albasa suka liƙa ƙarƙashin sim don ta yi aiki na ɗan lokaci. Takardar kwalin ma bugawa suka yi.

Yanzu mai shagon ba ya ɗaukar kirana, yaron shagon kullum sai ya ce ya tafi Kano. Jika 380, kuɗin da na tara tun kaka! Hotunan hirarmu ta WhatsApp da muryarsa yana rantsuwa duk suna hannuna, zan sa su daren nan.

Ku manta da kwali. Ku shiga Réglages, Général, Informations, ku duba lambar samfuri da ko a kulle take, ku sa layukanku biyu a gabansa kafin ku ba da ko dala.