Rabon ƙarfin watsa sigina: daidai wa daida ko bin ingancin hanya

A fasahar LTE, wato tsarin sadarwar wayar salula da aka fi sani da 4G, ana fitar da gida 100 daga tasha mai faɗin megahaz 20, kowanne kilohaz 180 (haz shi ne ma'aunin faɗin tasha), kuma wajibi ne turken sadarwa ya kasafta ƙarfinsa a kan gidajen nan. Hanya ta farko ita ce a raba daidai wa daida. Ba ta bukatar lissafi mai nauyi, kuma rabon bai dogara da rahoton da wayoyi ke aikowa kan ingancin sigina ba.

Ta biyu, wato bin ingancin hanya, ta yi kama da zuba ruwa a tafki mai tudu da kwari, inda ruwan shi ne ƙarfin da za a raba. Gidan da hayaniyarsa, wato abin da ke gurɓata sigina, ta yi ƙasa shi ne kwarin, shi ke shan kaso mafi tsoka, wanda hayaniyarsa ta haura bakin ruwa kuwa ba a ba shi komai. Tun daga aikin masanin lissafi Claude Shannon na 1949 aka san cewa wannan rabo ne ke fitar da bayanai mafi yawa daga ƙayyadadden ƙarfi. Sai dai dole turken ya san halin kowane gida a daidai lokacin, alhali rahoton wayar da ke cikin mota mai gudu kan tsufa kafin a yi aiki da shi.

Idan sigina na da ƙarfi sosai, fifikon ta biyu ƙalilan ne, domin ninka ƙarfi sau biyu ba ya ƙara fiye da bit ɗaya (ƙaramin ma'aunin bayanai) a daƙiƙa ga kowane haz. A ganina wahalarta ta fi biyan kuɗin sabulu inda sigina ya raunana kuma mai waya ba ya yawan motsi.