Ajin Sifaniyanci a kwalejin al'umma: malama ta burge ni, ofis ya cuce ni

Ni dai ba sha'awa ce ta kai ni ajin Sifaniyanci ba. Digirin shekara biyu nake yi a kwalejin al'umma, inda ake iya farawa kafin a wuce jami'a, kuma jami'ar da nake hari tana neman ɗalibi ya yi harshen waje. Da yake a Bronx ta birnin New York nake zaune, inda mai shagonmu da maƙwabciyata duk 'yan Jamhuriyar Dominika ne masu jin Sifaniyanci, sai na ce bari in ɗauki wanda zai amfane ni a unguwa.

A mako na uku abin ya shiga raina. Malamarmu, wata dattijuwa 'yar Kolombiya, ta rubuta pero da perro a allo, na farko "amma", na biyu "kare", ta ce kowa ya faɗa. 'Yan ajin da suka tashi da Turanci suka yi ta fama, harshe ya ƙi kaɗawa. Da aka zo kaina na faɗa sau ɗaya, sai ta ajiye alƙalami ta ce in maimaita. Ta tambaye ni inda na koya. Na ce Malama, ai da wannan "ra" ɗin muke ƙirga biyar da tara a Hausa. Daga ranar ta sa mini ido, ni kuma na fara ganin kamar gida na dawo. Wasulansu biyar ne irin namu. Sunan da ya ƙare da "a" galibi mace ne, casa da mesa tamkar riga da mota, har masu saɓa wa ƙa'idar akwai: día namiji ne, yadda gida da ruwa suke a wurinmu. Ranar da ta ce alcalde, wato magajin gari, daga Larabci ya fito, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, domin tushensu ɗaya da alƙali. Haka aceituna da zaitun, azúcar da sukari. Ta tsaya ta ba mu labarin Musulmin Andalus, daga 711 har 1492, ba ta damu da lokaci ya ƙure ba. Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri.

Da a nan aka tsaya, da tauraro biyar zan bayar ba musu. To amma duk lokacin da na tuna abin da ya biyo baya sai raina ya ɓaci. Littafin kansa da lambar shiga intanet yake zuwa, zango na ƙarewa ta mutu, ba ka iya sayen na hannu. Wannan na haƙura. Da na zo mataki na uku sai aka soke ajin dare, wai ɗalibai ba su cika ba, ni kuwa da rana aiki nake yi. Mai ba ɗalibai shawara ya duba kwamfuta bai fi minti biyu ba, ya ce in ɗauki ajin hira na intanet, duk ɗaya ne, jami'a za ta karɓa. Na tambaye shi har sau biyu, ya ce kada in damu.

Da na koma jami'a aka ce wannan kwas ɗin na zaɓi ne kawai, bai cike gurbin harshe ba. Sai da na sake jarrabawar tantancewa, na sake zama zango guda, a kan kuɗin jami'a, alhali gudun wannan kuɗin ne ya kai ni kwalejin tun farko. Ajin intanet ɗin ma bai tsinana mini komai ba, rabinmu a kashe muke barin kyamara.

Saƙo uku na aika wa ofishin mai ba da shawara na kwalejin ina neman bayani, na haɗa har da takardar da jami'a ta ba ni. Yau wata biyar ke nan, ko "mun gani" ba su ce ba.